Gurbi na Uku na Bungudu

Ni tela ne a Bungudu. Karatuna na boko a firamare ya tsaya, sai na allo da na yi a zauren kakana. Yanzu ido ya yi rauni, ba na ɗinka komai sai gyaran wando da sa maɓalli. Amma akwai lokacin da rabin samarin garin nan a hannuna suke karɓar ɗinkin Sallah, kuma a hannuna suke buga ƙwallo. Shekara da shekaru ni ne kocin kulob ɗin gari. Ba wanda ya naɗa ni, ba wanda ya biya ni. Ina da usur, ina da murya, kuma shagona yana kallon filin makaranta. Da haka aka wayi gari ana ce mini koci.

A cikin samarin da nake koyarwa akwai ɗana na fari. A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ana yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, kuma ga shi sunan mahaifina ya ci. Don haka ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa ce masa ya yi daidai ba. A fili ma in zan yi masa magana sai in ce "Kai!" ko "Mai takwas!" don lamba takwas yake sawa. Abokansa har tsokanarsa suke yi, su ce koci ya manta sunan ɗan wasansa.

Tsakiya yake bugawa. Ba shi da gudu sosai, ba shi da jiki. Abin da Allah ya ba shi ido ne. Kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda za ta tafi. Zai tare ta, ya ɗan juya kamar mai neman wani abu da ya yar, sai ka ga ta ratsa tsakanin mutum uku ta faɗi a gaban ɗan gabanmu. Ina ganin wannan duka. Na fi kowa gani, don kullum ni ne a bakin layi. In ya yi, sai in juya in kama yi wa gola faɗa a kan wani abu daban.

Yana da shekara ashirin da ɗaya labari ya zo cewa Gusau za ta karɓi babban wasa. 'Yan asalin yankinmu da ke buga ƙwallon albashi a manyan kulob na wasu jihohi za su zo gida hutu, za a haɗa su wuri ɗaya su kara da zaɓaɓɓun 'yan wasan garuruwanmu. Aka ce masu neman 'yan wasa daga waɗannan kulob za su biyo su, su zauna su duba. Ga saurayin da ke noma da damina yana ƙwallo da rani, wannan ita ce ƙofa, kuma ba kullum take buɗewa ba. Aka kafa kwamitin zaɓe, aka sa mutanen Gusau, aka sa kocin Tsafe, aka sa ni. Aka ce Bungudu tana da gurbi uku.

Ba wanda ya yi shakkar su wa za su tafi. Golanmu, da wani dogon ɗan baya daga Kekun Waje, da mai takwas. Ko masu sayar da rake a bakin fili sun san haka.

Ranar wata Asabar da hantsi muka zauna a wani aji na makaranta a Gusau. Shugaban kwamiti wani Alhaji ne mai motocin haya, haifaffen birni, yana ta duba agogo don yana da ɗaurin aure. Sakatare yana tsaye a gaban allo da alli. Kocin Tsafe bakanike ne, ƙato mai yawan dariya, mun daɗe muna gaba da juna a fili muna cin tsire tare bayan an tashi. Da aka zo kansa bai yi wata-wata ba ya jero nasa, har da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya.

Wani ya ce, "Har da ƙanen naka?"

Ya ce, "To mi? In kana da wanda ya fi shi kawo shi, ni zan ɗaure mai takalmi da hannuna."

Aka yi dariya, aka rubuta.

Aka zo kaina. Na faɗi gola, na faɗi ɗan Kekun Waje. Sakatare ya rubuta su, ya tsaya da alli a sama yana jira. Bakina ya ƙi buɗewa. Ba lallai ne in faɗi suna ba, da na ce "mai takwas" ya isa. Amma mutum ya miƙa ɗansa na fari da bakinsa a gaban baƙi, ya ce ga gwani, wannan ban taɓa ganin an yi a gidanmu ba.

Bakanike ya ce, "Malam Tela, allura ta karye ne? Bari in taya ka. Ina wanga mai takwas da ya hana mu barci a Tsafe? Ku rubuta shi."

Na ce, "A'a, wannan bai kai ba tukuna. Yaro ne, da sauransa."

Duk wanda ya tashi inda na tashi ya san abin da nake yi. In an yabi naka sai ka kushe shi. A sake yabawa, ka sake kushewa. A na uku a fi ƙarfinka, ka sunkuyar da kai kamar an tilasta maka, a rubuta. Bakanike ya san haka, har ya buɗe baki zai yi ta biyun. Sai Alhaji ya ɗago daga agogonsa.

Ya ce, "Wane ne mai takwas?"

Aka ce, "Ɗansa ne, Alhaji. Na fari."

Ya ajiye makullan motarsa a kan tebur. Ya ce, "Allahu akbar! Kun ji ko? Mutum ya ce ɗan cikinsa bai kai ba. Wallahi da haka ake yi a ƙasar nan da tuni an gyaru. Malam, Allah ya yi maka albarka. Faɗi na ukun."

Bakanike ya ce, "Alhaji, ba haka yake nufi ba, kara ce kawai."

"Ka fi shi sanin ɗansa ne? Kai da ka cusa mana ƙanenka?"

Ajin ya ɗauki dariya. Bakanike bai yi ba, ni yake kallo. Abin da ya rage mini kaɗan ne, in ce, "To, yadda kuka gani," in yi shiru. Amma mutum goma sha suna kallona da irin idon da ba a taɓa kallon tela da shi ba. Sai na ji bakina ya faɗi sunan ɗan wani maƙwabcina, yaro mai ƙoƙari wanda a benci yake fara wasa in mai takwas yana nan. Sakatare ya rubuta, ya ja layi a ƙasa.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa kunya ce ta ja mini. Gaskiya kunyar a nan ta ƙare, daga inda Alhaji ya ajiye makullai. Abin da ya biyo baya wani abu ne daban. Alhaji ya sa ni a gaban motarsa ya kai ni tasha da kansa. Ya ba ni aikin ɗinka lambobi a rigunan zaɓaɓɓu. Duk wanda muka gamu da shi sai ya kama hannuna ya ce, "Ga mutumin kirki, ku gaisa." Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin da ban taɓa ji ba.

Bayan kwana uku bakanike ya taso tun daga Tsafe a kan babur, ya ratsa Gusau ya ɗauko rigunan, ya kawo mini har shago. Ya zube su a kan tebur, ya ƙi zama.

Ya ce, "Ba riguna sunka kawo ni ba. Ba za a kai sunaye gidan rediyo ba sai jibi. Na yi magana da sakatare, ya ce in ka yarda zai goge ya gyara. Kalma ɗaya ce, Tela."

Na ce, "Alhaji fa?"

"Alhaji bai san mai takwas daga mai tara ba. Ka ce mai ka sake tunani."

"Bayan abin da ya faɗa a gaban jama'a? In koma in ce ƙarya na yi?"

Ya ce, "Ai ƙaryar ka yi."

Na ɗauko riga ɗaya na shimfiɗa, na kama auna inda lamba za ta zauna. Na ce ɗan maƙwabcina ya riga ya ji labari, ba zan kunyata ubansa ba, kuma shi wancan yaro ne, wata dama za ta zo. Bakanike ya tsaya yana kallon hannuna.

Ya ce, "Ni ba na shiga tsakanin ɗa da uba. Ba zai ji daga bakina ba. Amma wallahi ka ji tsoron Allah." Ya hau baburinsa, ko ruwa bai sha ba.

Da aka faɗi sunaye a rediyo garin ya rikice. Samari suka cika ƙofar shago suna tambaya. Shi bai zo ba, don ba ya tambayata abu kai tsaye, ta wajen kakarsa yake bi. Da yamma mahaifiyata ta aiko a kira ni. Na same ta tana tsince wake a faifai.

Ta ce, "Mi anka yi wa angona? Ya ƙi cin abinci tun safe."

Na ce, "Inna, mutanen Gusau ne. Na kai shi, suka ce bai kai ba."

Ta ajiye faifan. Ta ce, "Wanda duk ya hana yaron nan rabonsa, Allah ya isa."

Ina durƙushe a gabanta ta faɗi haka. Ta rasu bayan shekara huɗu ba ta san a kan wa maganarta ta sauka ba.

Washegarin maganarmu da Inna, ɗana da kansa ya zo shago, abin da bai saba ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni. Ina kan keke, ina ɗinka lamba takwas a rigar da ɗan maƙwabci zai sa.

Ya ce, "Baba, da gaske sun ce ban kai ba?"

Ban tsayar da keken ba. Na ce, "Haka suka ce. Sai ka ƙara ƙoƙari."

Ya ce, "To." Ya ɗan jima a durƙushe ko zan ƙara wani abu, sannan ya tashi.

Ranar wasa Gusau ta cika ta batse. Tun daga tasha ake tafiya kafaɗa da kafaɗa. An shafa farar ƙasa a gefen titi, an yi wa filin fenti, an kafa rumfuna. Masu kilishi, masu ƙanƙara, masu ƙosai, masu sayar da hular takarda don rana, kowa ya samu kasuwa. Motocin Alhaji suna ta jigilar mutane daga Wonaka da sauran ƙauyuka, samari a maƙale har kan rufi. Makaɗa suna yi wa manyan 'yan wasan kirari suna shigowa, su kuwa sun sha fararen takalma, suna ɗaga wa jama'a hannu. Ni aka ba ni kujera a rumfar manya, kusa da Alhaji, a bayan mutum biyu masu littafi da biro da aka ce su ne masu neman 'yan wasa.

Daga nan na hango ɗana. Yana tsaye a cikin jama'a can bayan raga, rana tana dukansa, ya rungume wata baƙar leda a ƙirji. Na san ledar. A ciki yake sa takalman ƙwallonsa. Ya biya kuɗin mota ya zo da su, ko wani zai ji rauni a ce ina mai takwas na Bungudu.

Aka fara wasa. Manyan suka kama tsakiyar fili kamar gonar ubansu. Yaranmu suna da gudu, suna da zuciya, amma ba mai riƙe ƙwallo ya raba. Ɗan maƙwabcina ya yi iya yinsa, Allah ya sani, sai dai duk ƙwallon da ta zo masa dukanta yake yi ta tafi inda ta ga dama. Kafin hutun rabin lokaci an ci mu uku, kuma ba don golanmu ba da abin ya fi haka. Ɗaya daga cikin masu littafin ya juyo ya ce wa Alhaji, "Kuna da masu gudu, amma duk yankin nan ba ku da ɗan tsakiya ne?"

Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Iyakar abin da muke da shi ke nan. Wannan malamin ba ya zaɓen son kai."

Na yi murmushi. Har yau ban manta wannan murmushin ba.

Aka ɗauki golanmu da wani ɗan gaba na Tsafe. Golan ya yi shekaru yana buga wa wani kulob, ya gina wa iyayensa gida. Ban ce da ɗana ya shiga lallai za a ɗauke shi ba, wannan Allah ne masani. Abin da na sani shi ne ba a gan shi ba, kuma ni na tare.

Bai sake zuwa fili ba. Bai yi fushi da kowa ba, bai yi faɗa ba, kawai in la'asar ta yi sai ya nufi gona ko bakin kasuwa. Takalman ya ba ƙanensa. In samari suka matsa masa sai ya ce, "Ku bar ni, waɗanda sunka san ƙwallo sun duba sun ce ban kai ba." A gabana ya sha faɗin haka. Da kaka ta wuce bakanike ya aiko ya ce yana neman mai koyon aiki, a ba shi shi. Na san dalilinsa, shi ma ya san na sani. Na ce ya tafi. Can ya koyi gyaran mota, can ya yi aure, can ya haifi 'ya'yansa. Yakan zo da Sallah, yakan kira ni a waya ranar Juma'a ya gaishe ni, bai taɓa rage mini komai na haƙƙin uba ba. Ƙwallo kuwa ko a talabijin ba ya kallo. Ni ma bayan shekara biyu na ajiye usur.

Fiye da shekara ashirin ke nan. Alhaji ya rasu, sakatare ya bar jihar ban san inda yake ba, sauran na kwamiti ko fuskarsu ba zan gane ba. Watanni biyu da suka wuce aka kira ni aka ce bakanike ya rasu. Na yi salati, na yi masa addu'a. Sai kuma na ji wani abu ya saki a ƙirjina, kamar sauƙi, don mutum na ƙarshe da ya san zancen ya tafi da shi. Wannan sauƙin ne ya ba ni tsoro. An ce mini abokina ya mutu, ni kuma abin da zuciyata ta fara yi ke nan.

Ranar sadakar uku na shiga mota da sassafe, don hanyar Tsafe yanzu ba a son a yi yamma a kanta. Na yi ta'aziyya a ƙofar gidan mamacin. Ɗana yana cikin masu karɓar gaisuwa, furfura ta fara fito masa a gemu. Da jama'a suka ragu na ce masa ina son ganin garejin. Ya yi mamaki, don ban taɓa zuwa ba. Garejin a rufe yake saboda rasuwa, ba kowa sai motoci biyu da aka buɗe wa baki. Ya goge mini benci da gefen rigarsa, shi ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

Na ce, "Akwai maganar da maigidanka ya riƙe mini, bai gaya maka ba."

Ya ce, "Ta mi, Baba?"

"Ta wasan Gusau."

Ya ɗan yi dariya. "Baba, wanga tsohon zance?"

Na ce, "Mutanen Gusau ba su ce ba ka kai ba. Ba su ma san ka ba. Maigidanka ya ce a rubuta ka, ni na ce ba ka kai ba. Ya biyo ni har Bungudu ya ce in gyara, na ƙi."

Na gaya masa duka, ban rage ba. Na gaya masa ta kunya, na gaya masa ta kujerar gaban mota. Bai katse ni ba. Ya ɗauki wani ƙaramin noti daga ƙasa yana juya shi a tsakanin yatsu.

Ya ce, "Shekara nawa ina cin abinci kwano ɗaya da mutumin nan."

Na ce, "Alkawari ya yi mini. Laifin nawa ne."

"Shi ya sa kullum in an taɓa zancen ƙwallo sai ya tashi ya shiga ƙarƙashin mota." Ya jefar da notin. Sannan ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya ce, "Baba, ba wannan nake son ji ba. Kai ne koci. Na kai ko ban kai ba?"

Na ce, "Ka kai."

"Don na tambaya ne?"

"Ka fi duk wanda na taɓa koyarwa. Ka fi duk wanda ya shiga filin nan ran nan daga ɓangarenmu."

Ya ce, "Mi ka gani? Ai ba ka kallona. Kullum gola kake wa faɗa."

Sai na kama faɗa masa. Na faɗa masa wasan da muka yi da Tsafe a filinsu, ana saura kaɗan a tashi, ya karɓi ƙwallo da baya ga raga, mutum biyu a jikinsa, ya yi kamar zai mayar baya sai ya ɗaga ta sama da kansu. Na faɗa masa ranar da aka yi ruwa fili ya zama taɓo, kowa yana dukan ƙwallo sama, shi kaɗai ya gane gefen makaranta ya fi tsandauri ya mai da wasan can. Na faɗa masa yadda yake duba kafaɗarsa sau biyu kafin ƙwallo ta zo. Ban san na ajiye waɗannan abubuwa da yawa haka ba. Ina faɗa, shi kuma ya sunkuyar da kai.

Can ya ce, "Ta Tsafe da hagu ce."

Na ce, "Da dama ce."

"Da hagu ce, Baba. Damar tana ciwo ran nan."

Na ce, "Haka ne, da hagu ce."

Ya share fuska da tafin hannu. Ya ce, "Babban ɗana ya so ƙwallo. Na hana shi. Na ce mai, gidanmu ba mu da ita a jini, kar ya ɓata lokacinsa." Ban san wannan ba sai ranar.

Na ce, "Ka yafe mini don Allah."

Ya duba rana, ya ce, "Baba, tashi in kai ka tasha, kar azahar ta yi maka a nan." Ya riƙe mini jaka har mota, ya biya, ya roƙi direba ya ba ni gaba saboda gwiwata. Da motar za ta tashi ya sunkuyo ta taga ya ce, "A ba ni lokaci."

Lokacin nake ba shi. Yana kira ranar Juma'a kamar da, ya tambayi jiki, ya tambayi mahaifiyarsa, ya ce a gaida gida, ya kashe. Bai ce ya yafe ba, ban sake roƙo ba, don ba ni da bakin matsa masa. Makon jiya matarsa ta kira mahaifiyarsa suna hira, ta ce wani abu ya ba ta mamaki. Kwanan nan in ya rufe gareji da la'asar ba ya zuwa gida kai tsaye, sai ya bi ta filin ƙwallon Tsafe ya tsaya daga nesa, hannu a baya, har a tashi. Ba ya magana da kowa, in ya dawo kuma ba ya son surutu. Ta tambaya ko lafiya. Mahaifiyarsa ta juyo ta tambaye ni. Na ce ban sani ba, kuma wannan karon gaskiya na faɗa.